Yadda A Ke Aika Faci Ta Imel Ba Tare Da Ya Lalace Ba

A shekarar 1991 ne Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a birnin Helsinki, kuma har wa yau da yawa daga cikin masu gina wannan manhaja, waɗanda ke warwatse a ƙasashe dabam-dabam, ta wasiƙar imel su ke aika wa juna gyare-gyarensu. Irin wannan gyara shi a ke kira faci.

Faci ba ya ɗauke da manhajar dukanta, sai wurin da aka taɓa kaɗai. Layin da aka ƙara a kan sa masa alamar tarawa a farkonsa, wanda aka cire kuwa alamar ɗebewa. Sa'an nan a kan haɗa da layi uku sama da uku ƙasa waɗanda ba a canja ba, kowannensu ya fara da gurbi guda. Da waɗannan layuka ne kwamfutar mai karɓa ta ke gane inda facin zai zauna.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Manhajojin rubuta wasiƙa domin idon mutum aka yi su, sabo da haka su kan yi wa rubutu kwalliya. Wata ta kan karya dogon layi gida biyu, wata ta share gurbin da ke farkon layi, wata ta mai da tazarar maɓallin Tab ta koma gurabe, wata kuma ta juya wasiƙar zuwa tsarin HTML. Mutum ba zai ga bambanci ba, amma kwamfuta harafi da harafi ta ke gwadawa. In ba su yi daidai ba, sai ta ƙi karɓar facin. Garin neman gira ke nan an rasa ido. Mai duba gyare-gyare kuwa wasiƙu sun yi masa yawa, sau da yawa sai ya ce a sake aikowa, aikin makonni ya tsaya cik.

Haɗa facin a matsayin fayil dabam ba ya warware matsalar, gama masu dubawa sun fi son su tsinko layi su rubuta ra'ayinsu a ƙarƙashinsa.

Maganin abin yana cikin Git, manhajar da Torvalds ya ƙirƙiro a shekarar 2005. Umurnin git format-patch shi ke shirya facin da siffar wasiƙa, git send-email kuma ya miƙa shi kai tsaye ga na'urar da ke rarraba wasiƙu, ba tare da wata kwalliya ba. A can ɗaya gefen sai a ɗora shi da git am.

Wanda tilas ta sa ya yi amfani da manhajar wasiƙa ta yau da kullum, wajibi ne ya zaɓi tsurar rubutu, ya kuma hana ta karya layi. Shawarar da masu kula da Linux ke bayarwa ita ce mutum ya fara aika wa kansa facin, ya gwada ɗora shi. In ya zauna daram, sa'an nan ya aika wa jama'a.