Masu Kwana a Kan Marasa Lafiyarmu

Ranar Juma'a, ranar kasuwa, Wudil ba ta 'yan Wudil kaɗai ba ce. Kara ta cika maƙil da shanu, manyan motoci sun jeru tun daga gada, 'yan kasuwa sun zo daga Gaya da Garko da Sumaila da Takai, har da masu lodin dabbobi zuwa Kudu. Ga titin Kano zuwa Maiduguri ya ratsa gari, ga ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, ga na makarantar horar da 'yan sanda. Duk wannan jama'a, in mota ta kwaɗe mai babur, ko sa ya tunkuyi mai jan igiya, ko naƙuda ta zo wa mace da gardama a wani ƙauye, Babban Asibitin Wudil ake nufa. Wanda zai fara sa hannu a jikin majinyacin kuwa, galibi nas ne ko ungozoma.

Amma in an sallami ɗan'uwanmu, likita muke nema mu yi wa godiya. Ya cancanta, ba musu. Sai dai likita zagaye yake yi: ya duba, ya rubuta, ya wuce gado na gaba. Abin da ya rubuta takarda ce kawai har sai an sami wanda zai mayar da ita aiki, ya ba da magani a kan lokaci, ya lura ƙarin ruwa ya tsaya, ya gane cewa numfashin nan ba irin na ɗazu ba ne. Tsakanin zagayen safe da na gobe akwai awanni masu yawa, kuma a cikinsu ake mutuwa ko a tashi.

Bari in ba da misali da jijjigar masu ciki, ciwon da ya daɗe yana cin matanmu a Arewa. Hawan jini ne ke kama mai ciki har ta fara taune-taune, a gida kuma a ce iska ce, a yi ta hayaƙi da tofi sai abu ya gagara. A shekarar 2008 gwamnatin Kano, tare da ƙungiyar Population Council, ta shigar da allurar maganiziyam salfet a manyan asibitoci goma na jihar, na Wudil yana ciki. Kafin nan, cikin matan da aka kawo da wannan larura, kimanin 20 cikin 100 ne ke rasuwa. Bayan shekara guda adadin ya sauko zuwa abin da bai kai 3 cikin 100 ba.

Mai karatu zai ce ai maganin ne ya yi aiki. Haka ne, amma maganin nan ba a yi masa allura ɗaya a tafi. Bayan ta farko, kowane awa huɗu sai an sake, har tsawon awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjiga ta ƙarshe. Kuma in ya taru a jiki yana iya tsayar da numfashi. Saboda haka kafin kowace allura sai ungozoma ta ɗan buga ƙasan gwiwar matar ta ga ko ƙafa za ta harba, ta tsaya da agogo ta ƙirga numfashinta a minti ɗaya, ta ɗaga jakar fitsari ta duba abin da ya taru. In ɗaya ya saɓa, ta dakatar, ta kira likita. Ƙarfe biyun dare ta yi wannan, ƙarfe shida ta maimaita, alhali ga wata tana naƙuda a gadon kusa, wata kuma jini ya ɓalle mata. Miji yana waje a kan tabarma, bai ga ko ɗaya ba. Shi dai da safe za a ce masa jiki da sauƙi.

Wannan sani ba a tsintarsa a hanya. Shekara uku ko fiye ake yi a makarantar koyon aikin jinya, irin ta Kano ko ta Madobi, ko ta ungozoma da ke Dambatta, sannan a ci jarrabawar hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa kafin a ba mutum lasisi. To, waɗanda aka horar ɗin nan suna tafiya. A farkon 2024 hukumar da kanta ta ce sama da nas-nas 42,000 ne suka bar Nijeriya cikin shekara uku. Ingila da Amurka da Saudiyya suna ɗauka. Mu a nan abin hawa-hawa ne: na ƙauye yana neman canji zuwa birni, na asibitin jiha yana hangen na tarayya inda albashi ya fi kauri. Duk wanda ya tafi, marasa lafiyarsa kan wanda ya rage suke komawa. A ƙarshen watan Yulin 2025 sai da nas-nas na asibitocin tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi, kuma cikin buƙatunsu akwai gyaran alawus na aikin dare da ɗaukar ƙarin ma'aikata.

Na san abin da ke bakin mutane. Nas-nas suna da tsawa, wasu har wulaƙanci, musamman a ɗakin haihuwa. Gaskiya ce, akwai masu yi, kuma gajiya ba ta halatta zagin mace mai naƙuda. Wanda aka yi wa haka ya kai ƙara wurin shugabar ma'aikatan jinya ko shugaban asibiti, haƙƙinsa ne. Amma mu ma mu dubi namu. Mu ne za mu ajiye marar lafiya kwana huɗu a gida, mu kawo shi rai a hannun Allah, mu ce a yi sauri. Mu ne mutum goma sha a kan gado ɗaya, in an ce a fita a ba shi iska mu ce an raina mu. An ce kada a ba shi komai za a shiga tiyata, a faki ido a ɗura masa kunu ko jiƙo. An ce a nemo jini, matasan gida su zame ɗaya bayan ɗaya. In rai ya yi halinsa kuma, wadda ta kwana a tsaye ce za a fara nuna wa yatsa, wani lokacin har da duka.

Akwai kuma wani saɓani da nake mamakinsa. Magidanci zai rantse namiji ba zai duba matarsa ba, sai mace. Madalla. Amma 'yarsa ta ce za ta karanci aikin jinya, ya ce ba a gidansa ba, wai aikin kwana ne. To, 'yar wa za ta duba matar tasa? Aikin nan ba baƙo ba ne a Musulunci. Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu bin Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ.

Abin da ya rataya a wuyan gwamnati a fili yake: a ɗauki isassun ma'aikata, a biya alawus na zaman karkara a kan kari, a samar da wuta da ruwa da safar hannu, a gina musu gidajen kwana kusa da asibiti, a sa masu tsaro a ƙofa. 'Yan majalisarmu da masu unguwanni da ƙungiyoyin ci gaban Wudil su riƙa tambayar nas nawa ke aikin dare a kowane ɗaki, ba yawan gine-ginen da aka yi wa fenti kaɗai ba. Attajiran kara kuwa, ɗaukar nauyin karatun yarinya ɗaya daga ƙauye har ta zama ungozoma ba zai girgiza su ba.

Kai kuma mai karatu, ran da jinya ta kai ka asibiti, ka bar mutum ɗaya ko biyu a wurin marar lafiya, ka bi abin da aka ce, ka faɗi gaskiyar abin da aka ba shi a gida. In an sallame ku, kafin ka naɗe tabarma, ka nemi nas ɗin da ta yi aikin dare ka ce mata sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri.