Ba da Mai, Karɓi Abinci: Yadda Ta Kaya a Iraƙi

Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun tsare shugaban ƙasa Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Najeriya ta rufe iyakar Kamba, ta yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, wutar da ruwan tafkin da ke gaban garin Warra ke juya injinanta a Kainji. Motocin kayan agaji suka yi cirko-cirko a Malanbil ta ƙasar Benin. A takunkumin Mali na 2022 an ware abinci, magani, fetur da lantarki. A na Nijar ba a ware ba. Tun daga nan ake ta cewa da an bar ƙofar jinƙai a buɗe, da talaka bai ji a jikinsa ba.

Iraƙi an bar mata ƙofar, kuma ta ji.

An sa mata takunkumi a Agustan 1990 saboda mamaye Kuwaiti. A Afrilun 1995 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na 986, wanda ya yarje mata sayar da ɗanyen mai na dala biliyan 2 duk wata shida don sayen abinci da magani. Man bai fara fita ba sai Disambar 1996, abincin farko kuma sai Maris 1997.

Mai jin sunan shirin, Ba da Mai, Karɓi Abinci, zai zaci musaya ce, jirgin mai ya fita, na shinkafa ya shigo. Ina! Kamar masunci ne ya kawo kifinsa kasuwar Warra, dillali ya sayar ya riƙe kuɗin, ya fara zare bashi da la'adarsa, sannan ko mudun gero masuncin ke so sai ya nemi izini. Kuɗin Iraƙi a bankin BNP da ke Niyok ake zuba su. Kashi 30 cikin ɗari na tafiya diyyar yaƙin Kuwaiti (daga baya aka rage zuwa 25), kashi 13 yankin Kurdawa, wani abu kuma ɗawainiyar Majalisar Ɗinkin Duniya da masu binciken makamai.

Rabon fulawa, shinkafa, sukari, ganyen shayi da sabulu ya isa gidaje, wannan ba a musu. Amma yaro ba ya warkewa da fulawa in ruwan da yake sha gurɓatacce ne. Famfunan ruwa da kayan gyaran lantarki sukan maƙale a kwamitin takunkumi na Majalisar Ɗinkin Duniya, galibi da hannun Amurka da Birtaniya, wai ana iya karkata su ga aikin soja. Zuwa 2002 kwangilolin da aka daƙile sun kai kusan dala biliyan 5. Jami'ai biyu da suka jagoranci aikin a Bagadaza, Denis Halliday a 1998 da Hans von Sponeck a 2000, murabus suka yi don takaici.

Manya kuwa ba su rame ba. An sayar da man kusan dala biliyan 64 kafin rufe shirin a 2003. Binciken Paul Volcker na 2005 ya gano gwamnatin Saddam ta tatsi dala biliyan 1.8 ta bayan fage, kamfanoni sama da 2,000 suka ba da na goro, har da AWB mai sayar da alkamar Ostareliya. Fasa-ƙwaurin man zuwa Jodan da Turkiyya ya ninka haka sau da yawa, a tankoki, da rana tsaka, kuma ƙasashen da ke tsare famfon ruwa a kwamiti sun sani suka kau da kai.