Daga Dutse Zuwa Warwade a Kan Keke: Ki Bar Shi Ya Je?

Hutu ya zo, ɗanki ya ce shi da abokansa za su hau keke, su ratsa duwatsun Dutse da itatuwan dabino har madatsar ruwa ta Warwade. Tafiyar wuni guda ce, amma gabanki ya faɗi.

Uwargida, in kin hana, yana iya zuwa a ɓoye. Gara ki shirya shi. Su fita bayan sallar asuba, lokacin hunturu, ba cikin zafin Afrilu ba. A duba birki da taya, su riƙe famfo, faci, ruwa da dabino. Babban sharaɗi: ba wanka a dam, ko ya iya ruwa. Su dawo kafin magariba, don direba ba ya hango keke marar fitila.

Ke fa, za ki bari?