Daga duniyar Mas zuwa filin biki: yaushe na'urorin da ke yi wa jirgi maras matuƙi jagora ke ɓatar da shi?

Ranar 18 ga watan Janairun 2024, wani ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya tashi tsawon mita 12 a duniyar Mas, ya sauko da gudu ya bugi rairayi, fukafukansa suka karye. Sunansa Ingenuity, nauyinsa bai kai kilo 2 ba, kuma shi ne jirgi na farko da ya taɓa tashi da ƙarfin injinsa a wata duniyar da ba tamu ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, na'urorin da ke gaya masa inda yake da inda ya dosa kayan kasuwa ne, dangin waɗanda ke cikin salula da ƙananan jiragen da matasa ke ɗaukar bidiyon biki da su a Yamai, Maraɗi ko Damagaram. Labarin rayuwarsa da faɗuwarsa ya amsa tambayar da duk mai irin wannan jirgi ya kamata ya yi: har ina za a yarda da waɗannan na'urori masu araha?

Kayan salula a wata duniya

Ƙwaƙwalwar Ingenuity ita ce Snapdragon 801 ta kamfanin Qualcomm, irin wadda aka saka a wayar Galaxy S5 a 2014. Na'urar da ke jin motsinsa da juyawarsa ta kamfanin Bosch ce, irin ta wayoyin hannu. Mai auna tazararsa da ƙasa da hasken leza kuma ta Garmin ce, wadda kowa ke iya saye ta intanet.

An tsara masa tashi 5 cikin kwana 30. Daga tashinsa na farko ranar 19 ga Afrilun 2021, sai da ya tashi sau 72 cikin kusan shekara 3, ya yi tafiyar kimanin kilomita 17, ya kuma jure sanyin dare mai kai wa digiri 90 ƙasa da sifiri. Hausawa kan ce araha ba ta ado, amma a nan kayan araha sun fitar da masu su kunya. Ko da na'urar auna karkatarsa ta mutu a sanyin 2022, injiniyoyi sun aika masa gyaran manhaja daga nan duniya, wata na'urar ta karɓi aikinta, ya ci gaba da tashi.

Kuskuren da ke taruwa

Sai dai na'urar jin motsi tana da wani rauni da ba ya rabuwa da ita. Ba ta ganin waje. Lissafi kawai take yi, kamar mutumin da aka ɗaure wa ido yana ƙidaya takunsa don ya san inda ya kai. Kowane taku yana da ɗan kuskure, kuskuren kuma taruwa yake yi. Idan aka bar mai araha ita kaɗai, cikin minti ɗaya lissafinta na iya kaucewa da mitoci masu yawa. Dole ne a samu wata na'ura da za ta riƙa yi mata gyara.

A duniyar Mas babu GPS, kamfas ma ba ya aiki. Don haka aka ɗora gyaran a kan kamara da ke kallon ƙasa, tana ɗaukar hoto 30 a kowace daƙiƙa, tana bin duwatsu da alamomin ƙasa don gane saurin jirgin. A tashi na 6, ranar 22 ga Mayun 2021, hoto ɗaya tak ya ɓace, lokacin da ke rubuce kan sauran hotunan ya rikice. Jirgin ya shiga tangaɗi yana karkata fiye da digiri 20, amma ya samu ya sauka lafiya.

A tashi na 72 bai tsira ba. Binciken da NASA ta bayyana a Disambar 2024 ya nuna cewa jirgin yana saman tuddan rairayi ne masu santsi, babu dutse babu wata alama. Kimanin daƙiƙa 20 da tashi, kamarar ta rasa abin da za ta riƙe. Lissafin sauri ya ɓaci, jirgin ya taɓa ƙasa yana gudu ta gefe. Ba na'urar ce ta lalace ba, wurin ne ya raba ta da abin da take dogaro da shi.

A nan duniya

Ƙananan jiragen kasuwa sun fi Ingenuity yawan masu yi musu gyara, amma kowanne da inda yake gazawa.

GPS yana karɓar saƙo ne daga taurarin ɗan adam da ke nisan kimanin kilomita 20,200, kuma yana buƙatar aƙalla 4 kafin ya san wuri. A fili, kuskurensa kan tsaya kusan mita 5. Kusa da bene ko dogon gini, saƙon kan bugi bango ya dawo, sai jirgin ya ɗauka yana inda ba ya nan. Sababbin jirage suna haɗawa da taurarin GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin, abin da ke rage matsalar ba tare da ya kawar da ita ba. Sama ma kanta na kawo cikas. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, har da Afirka ta Yamma, saman sararin samaniya kan hargitse bayan faɗuwar rana ya raunana saƙon. Ranar 10 ga Mayun 2024 kuwa, guguwar da ta taso daga rana ta sa manoma a Amurka dakatar da shuka, saboda taraktocinsu masu bin GPS sun kauce wa layi.

Kamfas yana bin maganaɗisun ƙasa ne, wanda ba shi da ƙarfi sosai. Rodin da ke cikin dakali ko rufin bene, kwanon rufi, jikin mota da manyan lasifikokin biki duk suna iya karkatar da shi. Idan kamfas ya ce arewa tana nan, GPS ya ce tana can, jirgin kan fara zagaye yana faɗaɗa da'ira, wani lokaci ya miƙe ya tafi abinsa.

Na'urar auna tsayi kuma nauyin iska take aunawa, ba tazarar ƙasa ba. Ɗan canji kaɗan a nauyin iska, irin wanda ke zuwa gabanin hadari, ya isa ya sa ta yi kuskuren mitoci. Kamarar ƙasa tana da irin raunin da ya kayar da Ingenuity: littattafan jagora na kamfanin DJI da kansu suna gargaɗin cewa ba ta aiki da kyau a saman ruwa, ƙasa mai launi ɗaya ko cikin duhu. Wanda zai tashi jirgi a saman kogin Kwara, ko kan jigawa mai rairayi zalla, yana cikin wannan gargaɗi.

Idan da hannun mutum

Saƙon GPS yana isowa ƙasa da rauni ƙwarai, shi ya sa toshe shi ba wuya. Mafi haɗari shi ne a aika wa jirgi saƙon ƙarya. A watan Yunin 2012, Farfesa Todd Humphreys na jami'ar Texas da ke Austin da ɗalibansa sun gwada haka a filin gwaji na White Sands, gaban jami'an gwamnatin Amurka. Sun ruɗi wani jirgi maras matuƙi na farar hula ya ɗauka yana hawa sama, shi kuma ya nufo ƙasa don ya gyara, sai da matuƙin da ke tsaye ya karɓe shi da hannu. Tun bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, toshewa da ruɗin GPS sun zama ruwan dare a fagen daga, har jiragen fasinja a yankin tekun Baltik suna kokawa.

Abin da mai jirgi zai riƙe

Matsalar duka ɗaya ce: na'urar da ta ɓata ba kullum take faɗi ba. Allon na iya nuna komai lafiya alhali jirgin yana bin lissafin ƙarya. Maɓallin komawa gida, wanda sababbin matuƙa ke jingina da shi, GPS da kamfas ɗin nan dai yake dogaro da su.

Don haka kada a tashi jirgi daga kan mota, dakalin siminti ko kusa da ƙarfe. A jira ya kama taurari isassu, ya kuma tabbatar da wurin tashinsa. Idan an yi tafiya mai nisa, kamar daga Yamai zuwa Tawa, ko an kawo shi daga ƙasar waje, a sake daidaita kamfas a fili. Farfela mai tsagewa a canja ta, domin girgizarta na rikita na'urar jin motsi. A koyi tuƙi da hannu ba tare da GPS ba, kuma kada a tsayar da jirgi a saman kawunan jama'a.

Mai aikin awon fili ko gona kuwa ya sani kuskuren mita 5 ya isa ya haddasa rigimar iyaka tsakanin maƙwabta. Irin wannan aiki yana buƙatar tsarin RTK, mai amfani da tasha a ƙasa don rage kuskure zuwa ƴan santimita, ko alamomin da aka auna a ƙasa tun da farko.

Kayan kasuwa abin yarda ne matuƙar suna duba juna. Ranar da wuri ko yanayi ya bar ɗaya daga cikinsu ita kaɗai, idon matuƙi da hannunsa ne suka rage tsakanin jirgin da kan mutanen da ke ƙasa.