Tsakuwar Ƙoda da Ƙwayar Kalsiyam: Laifin da Aka Ɗora wa Nono a Adar

A watan Janairun 2024 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a Indiya da Tanzaniya a kan mata masu cikin fari, kimanin 11,000 a kowace ƙasa. An gano cewa miligiram 500 na kalsiyam a rana ya yi aikin da miligiram 1,500 ke yi wajen kare su daga hawan jinin masu ciki, wanda kan kai mace ga jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ba da shawarar 1,500 zuwa 2,000 a yankunan da cimarsu ba ta da kalsiyam isasshe. Ke nan ƙwaya ɗaya za ta iya wadatarwa a inda ake haɗiyar uku.

Albishir ne, amma wanda ya ji "an rage" yakan fassara shi da "ashe dama yana cutarwa". Daga nan sai a haɗa da tsohon zancen da ake yi a majalisu da gidajen suna, cewa kalsiyam ne ke daskarewa ya zama tsakuwa a ƙoda, don haka wanda ya taɓa fama da ita ya yi sallama da nono da cuku. A Tawa da arewacin Adar, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, wannan gurguwar fahimta tana iya mayar da mutum kan gadon asibiti.

Gaskiya ne kusan kashi 80 cikin 100 na tsakuwoyin ƙoda akwai kalsiyam a cikinsu, galibi haɗe da wani sinadari mai suna oksalat. Shi oksalat yana cikin alayyahu da yakuwa da kuɓewa da gyaɗa da ganyen shayi. Idan ya haɗu da kalsiyam tun a hanji, sai su ƙulle su fita ta bayan gida. Idan bai tarar da kalsiyam a hanjin ba, sai ya shiga jini, ya gangara ƙoda, can ya samu kalsiyam na fitsari su dunƙule.

Likitoci ma sun daɗe suna hana masu tsakuwa shan madara, har aka zo aka gwada. A 1993 wani bincike na jami'ar Harvard a Amurka, da ya bi maza fiye da 45,000, ya nuna waɗanda suka fi samun kalsiyam a abinci su ne suka fi tsira. A 2002 likitocin birnin Parma na Italiya suka raba maza 120 masu yawan yin tsakuwa gida biyu. Rukuni ɗaya aka rage musu kalsiyam, ɗayan aka bar musu nasu daidai aka rage musu gishiri da nama. Bayan shekara biyar, tsakuwa ta dawo wa 23 cikin 60 na rukunin farko, 12 cikin 60 na rukuni na biyu.

Ƙwaya kuwa hukuncinta daban. Babban binciken da aka buga a 2006 a kan mata 36,282 da suka daina haila a Amurka ya nuna ƙarin kashi 17 cikin 100 na tsakuwa ga masu shan miligiram 1,000 tare da bitamin D kullum. Yawancin matan nan suna samun kalsiyam mai yawa a abinci tun kafin a ƙara musu, abin da ba haka yake ba ga matar Bambay ko Kalfu a jihar Tawa. Duk da haka darasin a fili yake: ƙwayar da aka haɗiya da cikin wofi ba ta da oksalat ɗin da za ta kama a hanji.

Saboda haka wanda ya taɓa yin tsakuwa, kuma likita ya ga dole sai ya sha ƙwaya, ya duba jikin kwali. Zai ga an rubuta carbonate ko citrate. Na farko ya fi araha, asalinsa ɗaya da farin dutsen da ake haƙa a Malbaza ana yin siminti, kuma ba ya narkewa da kyau sai da abinci a ciki. Na biyu ya fi tsada, kalsiyam ɗinsa bai kai na farkon yawa ba, amma sinadarin sitirat da ke cikinsa yana hana tsakuwa haɗuwa, shi ya sa likitocin ƙoda suka fi karkata gare shi. Ko wanne ne, a sha shi a tsakiyar cin tuwo, kada a wuce miligiram 500 a zama ɗaya. Mai ciki ta raba lokacinsa da na jar ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo, don kalsiyam na tare wa sinadarin ƙarfen da ke cikinta hanya, kuma ta faɗa wa ungozoma in ta taɓa yin tsakuwa. Akwai waɗanda kalsiyam ya riga ya yi wa yawa a jini saboda wata cuta ta ƙululun wuya. Su ƙwayar ba tasu ba ce sam, kuma awon jini ne kawai ke nuna su.

Abin da ya fi ciwo shi ne a ce ƙasar Adar ce yau ake yi wa tallar kalsiyam a kwalba. Nan ne bakin Azawak, inda saniyar da ta yi suna wajen nono a duk yankin Sahel ta samo sunanta. Shekaru aru-aru manomin Adar da makiyayin Abalak da Cintabaradan suna musayar hatsi da nono, makiyayi ya sauka a gona bayan girbi ya bar taki, matarsa ta shiga gari da ƙwarya a ka. Fura da nono ita ce abincin rana, kuma kofi ɗaya na madara yana ɗauke da kusan miligiram 300, alhali baligi na buƙatar kimanin 1,000 a yini. Matan Buzaye da Fulani suka san yadda za su adana nonon damina: a sa masa abin daskarewa daga cikin ɗan akuya ko maraƙi, a shimfiɗa shi falle-falle a kan tabarma, rana ta busar da shi ya zama cuku, ya yi watanni bai lalace ba. Wanda ya zauna da Buzu ya san ba a rasa cuku kusa da butar shayi. Abin da masu bincike suka gano a Harvard da Parma, wato a haɗa mai oksalat da mai kalsiyam a zama ɗaya, ga shi nan a kan tabarmar makiyayi tun kaka da kakanni.

Farin 1973 da 1974 ya karya garke, na 1984, shekarar yunwar da mutane suka laƙaba wa El Buhari, ya ƙarasa abin da ya rage. Gidaje da yawa ba su sake tara shanu ba. An kafa wuraren renon dabbobi irin na Ibesetan kusa da Abalak don a farfaɗo da garken ƙasa, amma gonaki sun ci burtali, harawa ta yi tsada, rashin tsaro kuma ya taƙaita yawon makiyaya a arewa. Yau a gidaje da dama fura da ruwa ake damawa, a ɗan ɗiga nono don ta yi fari, ko a sayo garin madarar waje, wadda wani lokaci an cire mata manta an maye gurbinsa da man ja. Masana sun daɗe da lura cewa tsakuwar mara ga ƙananan yara ta fi yawa a inda ake ɗora jariri kan kunun hatsi da wuri ba tare da madara ba. Ta yi yawa a Ingila a ƙarni na 19, ta ɓace da cimar yara ta gyaru. Jami'in da ke son rage ciwon tsakuwa a jihar Tawa ya fara da tambayar nawa ake sayar da ludayin nono a watan Afrilu, kuma me ofishinsa ya yi a kai.

Sai ruwa, wanda ya fi kowace ƙwaya muhimmanci. Likitoci na son mai tsakuwa ya riƙa fitar da fitsari kusan lita biyu da rabi a yini, abin da a zafin Tawa ke nufin shan fiye da lita uku. Ɗan kabu-kabu da mai aikin albasa a fadama da ɗan cirani mai dakon siminti a Libiya ko Abijan suna zubar da ruwan jikinsu ta gumi, fitsari ya yi ja ya yi kauri. Idan azumi ya faɗo cikin bazara, tsakanin buɗe-baki da sahur ne kawai damar cike giɓin, kuma ƙananan kofunan shayi uku ba sa maye gurbin moɗa. Gishiri ma na jan kalsiyam zuwa fitsari, ga miya ta sha dunƙule da gishiri da kanwa a tukunya ɗaya. Lemun tsami a ruwan sha na taimakawa, manyan ƙwayoyin bitamin C kuwa jiki na juya wani sashensu zuwa oksalat.

Ba kowane jini a fitsari ne tsakuwa ba. Yaron da ke wanka a tafkin Tabalak ko madatsun ruwan Keita, tsargiya ce farkon abin zargi, kuma maganinta daban. Hoton ciki da awon fitsari a babban asibitin Tawa ko asibitin Galmi su ke raba gardama. Amma kafin mutum ya isa can, ya riga ya bi ta gaban mai tebur a tasha, wanda ke sayar da ƙwayar "ƙarfin ƙashi" da ta kwana a rana, ba takardar likita, ba mai tambayarsa ko ya taɓa yin tsakuwa.  Tsakuwar da ta toshe hanyar fitsari tana iya kashe ƙoda, wani lokaci kuma sai an ɗauki mara lafiya tafiyar fiye da kilomita 500 zuwa Yamai kafin a cire ta.