TELEBIJIN A NIJAR DA MATSAYIN HAUSAR AREWA: MISALIN DOGON KIRIYA

1. Gabatarwa

Abin da muke nufi da wannan ƴar maƙala shi ne mu bi tarihin telebijin a Nijar a taƙaice, sa'an nan mu duba abin da ya jawo wa karin harshen Arewa, wato Arewanci, wanda ake yi a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri. Mun ɗauki Dogon Kiriya misali.

2. Telebijin ta makaranta

A Nijar telebijin ta makaranta ta fara shigowa. A shekarar 1964 aka soma gwajinta a Yamai da taimakon Faransa, daga baya aka kai ta makarantu 22 masu yara wajen 800. Dalili kuwa shi ne ƙarancin malamai: akwatin ke ba da darasi, mai kula da aji, wanda bai yi dogon horo ba, yana maimaitawa tare da yara. Inda babu lantarki aka gwada ƙarfin rana. Amma fa tun ranar farko da Faransanci ake magana da yaro, harshen da ya sha a nono ba shi da gurbi. Wannan ya sha bamban da makarantar gwaji da aka buɗe a Damagaram a 1973, inda ake fara karatu da Hausa.

3. Telebijin ta ƙasa

An kafa hukumar ORTN a 1967. Gidan rediyonta ya karɓi sunan Muryar Sahel a 1974, Télé Sahel kuma ta soma aiki sosai a 1979, ta gaji ma'aikata da kayan aikin telebijin ta makaranta. Gwamnati ta rarraba akwatunan kallo na jama'a a garuruwa da ƙauyuka, aka kuma riƙa karanta labarai da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. A nan ne Hausa ta samu shiga, amma ta baka kawai, ba a rubuce ba. An ƙara tasha ta biyu, Tal TV, a 2001, hukumar kuma ta koma RTN a 2022.

4. Wace Hausa ce?

Mutumin Dogon Kiriya cewa yake "sunka zo", "munka ji", inda Bakano zai ce "suka zo", "muka ji". Yana cewa "yaz zo" a madadin "ya zo" cikin jimla mai dogaro, "shi tahi" a madadin "ya tafi" wajen umurni, "ɗiya" a madadin "ƴa". Waɗannan ba kurakurai ba ne, tsari ne na karin yamma wanda Arewa ta haɗa da Adar da Sakkwato.

To, kunnen yaron wannan yanki yanzu Hausa uku yake ji: ta gida, ta masu karanta labarai a Yamai wadda ke cike da aron Faransanci, da kuma ta finafinan Kano da tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, mai aron Ingilishi. Wani ya ce "lakwal", wani ya ce "makaranta". Wani "montur", wani "agogo".

5. Abin lura ga masu shirin yaƙi da jahilci

Tun taron Bamako na 1966 ake neman daidaita rubutu, dokar 1999 kuma ta tsayar da ƙa'idojinsa a Nijar. Da yake kundin 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, tambayar ta ƙara nauyi. Ra'ayinmu shi ne:

a) littafin farko ya tashi daga furucin mai koyo, a nuna masa "sunka" da "suka" gefe da gefe, kada a ce masa nasa kuskure ne;

b) gidan telebijin ya riƙa rubuta kanun labarai da Hausa bisa ƙa'ida, da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, don ido ya saba da abin da kunne ya riga ya sani;

c) a naɗi maganar dattawa da mata na Dogon Kiriya a ajiye, tun ba a rasa masu yin ta ba.

Idan aka bar wannan aiki, za a sake kuskuren 1964 da wata riga: yaro ya zauna gaban akwati yana jin harshen da ba a gidansu ake yin sa ba.