Allura a yatsa ba ta buɗe jijiyar ƙwaƙwalwa

Wani saƙo yana ta yawo a WhatsApp, har ya iso zauren danginmu. Wai idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, bakinsa ya karkace, kada a motsa shi. A ƙona bakin allura a huda yatsunsa goma har jini ya ɗiga, sai ya dawo hayyacinsa. Duk wanda ya ƙirƙiro wannan magana ya ɗauki alhakin bayin Allah, masu turawa ba bincike kuma suna taya shi ɗauka.

Saƙon ya kuma ce ruwan sanyi bayan abinci yana daskarar da kitse a jijiyoyi. Ƙarya ce, ruwa yana ɗumama a ciki tun kafin ya kai ga jini. 

Maganar allurar ce ke hana ni sukuni. Ka ɗora yatsa a gefen wuyanka, ƙarƙashin muƙamuƙi, za ka ji bugu. Wannan jijiyar ce, da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen, ke kai yawancin jinin da zuciya take tura wa ƙwaƙwalwa. Shanyewar ɓarin jiki, wato ciwon da saƙon ke nufi, a cikin kai take faruwa: ko gudan jini ya toshe wata jijiya, ko wata ta fashe, galibi saboda hawan jinin da aka yi sakaci da shi. Jijiyoyin kan yatsa kuwa ba su kai silin gashi kauri ba, kuma hanyarsu daban ce. Jikin baligi yana ɗauke da jini kusan lita 5, to ina ɗigo goma zai rage masa ƙarfi, balle ya narkar da gudan da ke cikin kai?

Ban ga laifin waɗanda suka gaskata ba. Mun taso muna ganin wanzami yana kafa ƙaho yana cewa ya fitar da mataccen jini, kuma wanda ya ga mahaifinsa a ƙasa ba zai iya naɗe hannu ba. Wani ma zai rantse ya ga an huda, mara lafiya ya tashi. Yana iya faruwa, domin akwai toshewar da ke warwarewa da kanta cikin mintuna. Amma ita gargaɗi ce, babbar tana iya biyo baya cikin 'yan kwanaki.

Allurar da ke narkar da gudan jini a asibiti ake yin ta, cikin awa 4 da rabi da farawar ciwon, bayan an ɗauki hoton kai an tabbatar ba fashewa ba ce. Ba kowane asibiti ke da ita ba, shi ya sa ɓata lokaci a gida yake da tsada. Da zarar baki ya karkace, hannu ya saki, ko harshe ya yi nauyi, a duba agogo a riƙe lokacin. A kwantar da mara lafiyan ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko koko don yana iya shaƙewa, kada a ba shi asfirin, a nemi mota zuwa babban asibiti.